Tsarin Raya Ƙaramar Hukuma: Aikin Shugaba Ne Ko Na Al'umma?

Yaron da aka sa a aji ɗaya na firamare bana yana buƙatar shekara 9 kafin ya kammala karatun tushe, kamar yadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada. Shugaban ƙaramar hukumar da yaron yake ciki kuwa, wa'adinsa bai wuce shekara 2 zuwa 4 ba, gwargwadon dokar jiharsa. Ke nan kafin yaron ya gama ƙaramar sakandare, mai yiwuwa an yi shugabanni uku, kowa da manufarsa da 'yan kwangilarsa. Wannan ne ya sa nake da ra'ayin cewa kowace ƙaramar hukuma tana buƙatar tsari na dogon zango, na shekara 10 ko fiye, wanda al'umma za ta mallaka, shugaba kuma ya zo ya tarar da shi, ya tafi ya bar shi.

Tunanin ba sabo ba ne. Garambawul ɗin 1976 ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na mulki a Nijeriya domin a kusantar da ayyukan raya ƙasa ga talaka. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, sashe na 7 kuma ya ɗora musu alhakin shiga cikin tsara tattalin arzikin yankunansu. Haka nan an ba su hannu a ilimin firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da noma, tare da kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara. A shekarar 2004 gwamnatin tarayya ta fito da shirin NEEDS, jihohi suka biyo da SEEDS, aka nemi ƙananan hukumomi su tsara nasu mai suna LEEDS. Sai dai a yau da wuya a sami mai unguwa ko shugaban makaranta da zai iya faɗin abin da kundin yankinsa ya ƙunsa.

Dalili na farko shi ne kuɗi. Sashe na 162 ya sa rabon ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, wanda bai san abin da zai shigo hannunsa a wata mai zuwa ba kuwa, ba zai yi lissafin shekara 10 ba. Na biyu, gwamnoni da dama sun riƙa naɗa kantomomi na ɗan lokaci a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Wannan ci gaba ne, amma kuɗi ba tare da tsari ba ɓarna kawai zai ƙara.

Dalili na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato harshe. Akan rubuta irin waɗannan kundaye da Ingilishi mai tsauri, a ɗaure su da kyakkyawan bango, a jera a kanta. Manomi da mahauci da ungozoma, waɗanda aka ce dominsu aka yi, ba su ji ba, ba su gani ba. Bahaushe na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ba a tambaye shi da harshen da yake ji ba, yaya za a yi ya nuna wurin? Kamata ya yi a tattauna tsarin da harshen mutanen wurin, ko Hausa ko Fulfulde ko Barbarci, a taƙaita shi cikin shafi biyu ko uku, a karanta a dandali da gidan rediyo, a liƙa a makarantu da asibitoci.

Wani zai ce zaɓaɓɓen shugaba yana da 'yancin aiwatar da alkawuran da ya yi wa masu zaɓe, don haka bai dace a ɗaure masa hannu da tsarin da wasu suka yi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amsarta ita ce a taƙaita tsarin ga abubuwan da babu jam'iyyar da ke jayayya a kansu: ruwan sha, azuzuwa, ɗakin shan magani, hanyar kai amfanin gona kasuwa da burtalin dabbobi. Majalisar kansiloli ta mayar da shi doka, a riƙa bitarsa a bainar jama'a duk shekara. Sabon shugaba yana iya ƙarawa, amma in zai yi watsi da aikin da aka fara, sai ya bayyana wa jama'a dalili. Hakimai da dagatai da limamai da ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa su ne shaidu, domin su ba a sauya su da zaɓe.

A nan ne malamin makaranta yake da muhimmiyar rawa. Rajistar ajinsa ita ce ƙididdiga mafi inganci a ƙauye: ta nuna yara nawa suka shiga, nawa suka daina zuwa da faɗuwar damina, a wane aji 'yan mata suka fi ficewa. Idan ya haɗa wannan da sanin mai unguwa game da sunayen da aka raɗa a bara, zai iya faɗin yawan kujerun da za a buƙata nan da shekara 6. Ta hanyar kwamitin kula da makaranta da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, wannan bayani yana iya isa inda ake yanke shawara.

Saboda haka, ya ku ɗalibai masu shirin zama malamai, duk inda aka tura ku, ku tambayi ko ƙaramar hukumar tana da rubutaccen tsari. In akwai, ku karanta, ku fassara wa iyayen yara. In babu, ku tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Tun ran gini, ran zane.