Katun Ɗin Da Ya Faɗa Mini Abin Da 'Yata Ta Kasa Faɗa

Wannan makon na ajiye zancen rigakafi da abincin yaye, hirar fim za mu yi. Tun da wuri bari in faɗa miki, ni ba masaniyar fim ba ce. Shigata sinima ba ta wuce sau uku a shekara, idan an yi hutu kuma aljihu ya ɗan yi nauyi. Sauran a falo nake kallonsu ina ninke wanki, wani lokaci barci ya sace ni tun ba a kai rabi ba. Idan kika tambaye ni wane jarumi ne na Marvel, wane ne na DC, sai na waiwayi ɗana. Saboda haka ra'ayin uwa za ki ji, uwar da ta yi kuskure ta gyara.

Wata safiya a ƙarshen 2024 na dawo daga dutin dare, idona kamar an watsa barkono. Ɗana, lokacin yana da shekara 9, ya tare ni a ƙofa: “Umma, ɗan maƙwabtanmu ya turo fim a wayarki jiya, in kalla?” Na leƙa hoton, na ga mutum cikin jajayen kaya da rufaffiyar fuska, na ce a raina ai Spider-Man ne. Na miƙa masa waya na kwanta. Ban daɗe ba na tashi shan ruwa, na tarar da shi da autarmu sun ƙura wa wayar ido, ba mai ko motsi. Da na duba sai na ga jini na tsartuwa, ana datse mutane ana tiƙar rawa. Ashe Deadpool & Wolverine ne. Kama da wane ba ta wane. Tun daga buɗewarsa jarumin ke tono ƙasusuwan gawa yana kashe mutane da su, ga ashariya da zancen batsa har ƙarshe. Kwana biyu auta ba ta yarda an kashe fitila ba.

Laifina ne. Su masu fim ɗin ba su ɓoye komai ba, sun sa masa harafin R, wanda a tsarin Amurka ke nufin duk wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba a tare da shi. Ki riƙe waɗannan alamomi huɗu. G na kowa da kowa ne. PG na nufin akwai ɗan abin da ya kamata uwa ta duba. PG-13 gargaɗi ne cewa wasu wurare ba su dace da yaron da bai kai 13 ba. R kuwa na manya ne. Ki rubuta sunan fim a Google, alamar za ta fito miki cikin daƙiƙa kaɗan. Kuma ki sani kusan duk fina-finan jaruman nan masu tashi sama, har da na Spider-Man da mutane ke fitowa a ciki, PG-13 ne. Fim ɗin da aka turo daga waya zuwa waya ba ya zuwa da kwali, ke ce za ki nemo alamar.

Daga ranar na kafa doka: sabon fim sai ranar Asabar da yamma, kuma sai ina zaune. Don in tsare idonsu na yi dokar. Ban san ni ce zan fi kowa amfana da ita ba.

Asabar ɗin da muka kalli Inside Out 2

Fim ne na kamfanin Pixar da ya fito a watan Yunin 2024, kuma babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi a duniya a wannan shekarar, sama da dala biliyan ɗaya da rabi. Labarin wata yarinya ce, Riley, mai shekara 13, amma yawancin abin a cikin kanta yake faruwa. An mayar da abubuwan da zuciya ke ji sun zama 'yan halittu masu magana: Farin Ciki, Baƙin Ciki, Fushi, Tsoro da Ƙyama. Da balaga ta ƙwanƙwasa ƙofa sai baƙi huɗu suka sauka: Kunya, Ƙyashi, Gundura, da wata 'yar firit mai ruwan lemo da tsayayyen gashi, wadda ni na raɗa wa suna Zullumi. Ita Zullumi ba muguwa ba ce. Aikinta ta hango duk abin da zai iya lalacewa gobe ta yi masa shiri tun yau. Da ta karɓe ragama sai ta hana yarinyar barci, ta sa ta juya wa ƙawayenta baya don neman shiga wurin manyan 'yan mata.

Kusa da ƙarshe, ana tsakiyar wasan hoki na kan ƙanƙara, aka fitar da Riley ta zauna a benci. Nan numfashinta ya koma sama-sama, ƙafarta na rawa, ta dafe ƙirji, gumi na karyo mata. Ni da na sha ganin wannan a asibiti nan take na gane, har na ce a raina lallai masu zanen nan sun yi bincike. Sai na ji babbar 'yata, mai shekara 12, ta ce a hankali ba tare da ta kalle ni ba: “Umma, haka nake ji ranar jarrabawar lissafi.”

'Yar'uwa, jikina ya yi sanyi. Zango biyu yarinyar nan na ce mini cikinta na ciwo duk safiyar jarrabawa. Sai in taɓa goshinta, in sa mata ma'aunin zafi, in ga babu zazzaɓi, in ce ta daina raki ta ɗauki jaka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni kullum ina kallon fuskar amma ban tambaya ba. Nas guda, wadda ke zama ta lallashi 'ya'yan wasu, ta kasa gane na gidanta. Da aka gama fim na kora ƙannenta waje muka zauna. Ta ce tun daren jajibiri take kasa barci, tana lissafin yadda za ta faɗi, a yi mata dariya, Abbansu ya ji kunya. Da ta karɓi takarda sai hannunta ya ɗauki rawa, abin da ta karanta duk ya gudu. Ban rubuta wannan ba sai da na nemi izininta, ta ce in rubuta ko wata za ta amfana.

Bari in sa hular aiki na ɗan lokaci. Irin wannan firgici na farat ɗaya yakan zo da bugun zuciya da sauri, ɗaurewar ƙirji, jiri, rawar jiki, wani lokaci da ciwon ciki ko tashin zuciya. Yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna sannan ya fara sauka. Yaron ba ƙarya yake yi ba, jikinsa da gaske yake jin abin. Tsawa ƙara shi take yi. Ki zaunar da shi, ki riƙe hannunsa, ku ja numfashi tare ta hanci a hankali, ku sake shi ta baki a hankali fiye da yadda kuka ja, ki ce ya lissafa miki abubuwan da yake gani a ɗakin. Amma kada ki yanke hukunci a gida cewa fargaba ce kawai. Asma, ƙarancin jini da wasu cututtukan zuciya su ma suna kawo haki da bugun ƙirji. Ni ma sai da na kai tawa aka duba ta aka auna jininta. Idan abin na maimaituwa, ko yana hana yaro makaranta ko barci, a ga likita. Yanzu idan jarrabawa ta matso takan ce, “Umma, 'yar lemon nan ta hau kujera,” mu yi dariya, mu yi numfashinmu. Abin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya samu suna, kuma ta daina ɓoye shi.

Sauran da muka kalla

The Wild Robot, na kamfanin DreamWorks, shi ma 2024, alamar PG. A wurina ya fi duk sauran daɗi. Wata na'ura mai siffar mutum, Roz, wadda Lupita Nyong'o 'yar Kenya ta yi wa murya, ta tsinci kanta a tsibirin da babu kowa sai dabbobi. Cikin tsautsayi ta faɗa kan sheƙar dinya, ƙwai ɗaya ya tsira, ya ƙyanƙyashe ya ɗauke ta uwa. Dole ta koya masa ci da iyo da tashi kafin lokacin ƙaurar tsuntsaye, alhali ba a ƙera ta don raino ba. Duk wadda ta taɓa riƙon ɗan wani, ko ta tashi a hannun goggo ko inna, ta tanadi hankici. Wurin da ya gano yadda iyayensa suka mutu ya juya mata baya, da wurin da ta tsaya tana kallonsa ya tashi ya tafi, sun sa ni hawaye har ɗana yana tsokanata. Akwai dabbobi na cin juna da maganar mutuwa, ki zauna kusa da ƙananan.

Moana 2, Nuwamban 2024. Ruwan tekun ya zanu, auta ta yi ta tsalle, amma ni ban ƙaru da komai ba. Da farko shiri mai dogon zango aka tsara kafin a mayar da shi fim, kuma ana gani: mutane sun yi yawa a jirgin, babu wanda aka tsaya aka san shi. Waƙoƙin na farko har yau ana rera su a gidanmu, na biyun kuwa ko ɗaya ba ta zauna ba. Ba zai cutar ba, amma bai kai a ƙona masa data ba.

Superman, Yulin 2025, PG-13. Na shiga ba da wani ɗoki ba, na fito ina murmushi. Wannan karon jarumin na shan duka, yana kuskure, ga wani karensa Krypto marar jin magana da ya sace zuciyar yara. Abin da ya fi burge ni shi ne iyayen riƙonsa, tsofaffin manoma biyu marasa wani ƙarfi, waɗanda tarbiyyarsu ce ta sa ya zama mutumin kirki. Sai dai akwai inda mugun fim ɗin ya harbe wani bawan Allah mai sayar da abinci a gaban idon jarumin. Na rufe wa ɗana ido. Ban ba da shawararsa ga ɗan ƙasa da 12 ba.

The Fantastic Four: First Steps, shi ma Yulin 2025, PG-13. Wani ƙaton dodo mai cinye duniyoyi, Galactus, ya ce zai bar duniya lafiya idan aka ba shi jaririn Sue Storm. Ta ƙi, jama'a suka yi mata ca, ta fito da jaririn a hannu ta fuskance su. A nan fim ɗin ya kama ni, don tambaya ce da kowace uwa ta san amsarta tun kafin a gama yi. Haihuwar da ta yi a cikin kumbo kuwa dariya ta ba ni. Na yi shekaru a ɗakin haihuwa ban taɓa ganin naƙuda mai tsafta da sauri haka ba.

Iwájú ba fim ba ne, shiri ne mai kashi 6 da Disney ta yi da kamfanin Kugali a 2024. An zana Legas ta nan gaba, da motoci masu tashi, da 'yar mai kuɗi Tola da abokinta Kole ɗan talakawa. Yara sun ji daɗin ganin abinci da sutura irin na ƙasarsu a katun. Amma labarin garkuwa da yara ne. Idan kina zaune inda wannan masifa ta taɓa, ko yaronki mai tsoro ne, ki fara kallo ke kaɗai.

Game da ƙanana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Duk fina-finan nan sun haura awa ɗaya da rabi. Idan da ƙaramin yaro a gidan, ki raba fim ɗin gida biyu, rabi Asabar rabi Lahadi.

Na san abin da za ki ce: ina lokacin? Ga girki, ga wanki, ga sana'a, kuma sau da yawa don mu samu sararin numfashi muke miƙa musu wayar. Ni ma haka na yi, kin kuwa ji yadda ta kaya. Ban ce kullum ba. Fim ɗaya a mako, ko a wata, ki zauna ko da kina tsinken alayyafo ne. Ki riƙa satar kallon fuskokinsu fiye da allon. Idan an gama kada ki yi wa'azi, tambaya ɗaya ta isa: “Wa ya fi ba ka tausayi a ciki?” Sai ki yi shiru ki saurara.

Wane fim ne 'ya'yanki suka nace wa a kwanakin nan, kuma kin taɓa zama kin kalle shi har ƙarshe? Ki rubuto mini a ƙasa. Ana ta yi mini magiyar wani wai shi KPop Demon Hunters a gida, na ce sai na fara jin ta bakin waɗanda suka riga ni gani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, a shafa mini kan yara.