Barcin Aro, Ciwon Gaske

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, in aka gargaɗi mai shan maganin sa barci, sai ya ce ai illar ba kasafai take aukuwa ba. To, wa ya ba shi tabbacin ba a kansa za ta faɗa ba?

A bayan tumbi akwai wata gaɓa, fankiriyas, mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. In ta kumbura, ruwan nan yakan juya ya ci namanta. Galibi giya da tsakuwar maɗaciya ke jawo haka, amma jefi-jefi magunguna ma sukan jawo. Propofol, da ake sa majiyyaci barci da shi a ɗakin tiyata, yakan ƙara maiƙo a jini. Kodin kuwa yakan matse bakin bututun gaɓar. Majiyyaci dai yana da likita a kansa. Kai mai kwankwaɗar kwalba a ɓoye, wa ke dubanka?

Gwamnatin Nijeriya ta haramta yin maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta tsare wanda ya ƙi tsare kansa. Duk wanda ciwo ya turnuƙe a saman ciki, yana ratsawa baya, ga amai, kada ya ce olsa ce. Ya garzaya asibiti, ya faɗi gaskiyar abin da ya sha.