Kowane asiri da makarinsa

Duk wanda ya kalli kokowar Takobin Ƙasa da aka yi a Agadas a watan Disamba na 2023, wadda Issaka Issaka na Doso ya lashe, ya ga yadda ƴan kokowa ke shiga fage da layu da guraye. Kowa ya ɗaura nasa don ya karya na abokin karawa, amma alƙali ba ruwansa da wannan, wanda ya faɗi kawai yake dubawa. A wasu wasannin Turawa kuwa, asiri da makarinsa duka a rubuce suke, kuma da su ake yanke hukunci. Ba boka a ciki, ba tsafi: takarda ce da lissafi.

Mafi shahara shi ne wasan karta mai suna Magic, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙago, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Ƴan wasa biyu na zama tamkar matsafa, kowa da rai 20, suna jifar juna da sihirin da ke rubuce a jikin karta. Cikin kartocin akwai Counterspell, wato makari, wanda ke soke sihirin abokin gaba tun bai yi aiki ba.

Sharaɗi na farko shi ne lokaci. Tun 1999 doka ta ce sihirin da aka jefa ba ya aiki nan take. A tsibi ake ɗora shi, a ba abokin wasa damar mayar da martani. Na ƙarshen ɗorawa shi ke fara aiki, kamar faifan da aka jera, na sama ake fara ɗauka. Saboda haka makari ma ana iya karya shi da wani makarin. Amma in sihiri ya riga ya yi aiki, to bakin alƙalami ya bushe.

Na biyu shi ne farashi. Counterspell na cin ƙarfi biyu na shuɗin launi, sai ɗan wasa ya haƙura ya ajiye su, bai kashe wajen kai hari ba. Kartar Force of Will ta 1996 ana iya jefa ta ba ƙarfin komai, amma sai mutum ya ba da rai 1 da wata shuɗiyar karta daga hannunsa.

Haka abin yake a Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Dokar 2014 ta ce sai mai makari yana ganin mai jifa, tazararsu ba ta wuce ƙafa 60 ba, kimanin mita 18. A 2024 an sassauta: wanda aka yi wa makari yana jefa ɗan lido ya gwada sa'arsa, kuma ko an karya sihirinsa, ƙarfin da ya tanada bai salwanta ba.

Samarin da ke kwana kan belot da shayi a fadojin Agadas sun san cewa ba kaye ke raba abokai ba, dokar da aka ƙago bayan an raba karta ita ke raba su. Wanda aka kayar da ƙa'idar da ya sani tun farko, gobe zai dawo tabarma. Wanda aka kayar da ɓoyayyen makari kuwa, sai ya naɗe tasa, ya tafi da gaba a zuci. Don haka a yi sharaɗi tun ba a raba ba, kowa ya ji da kunnensa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.