Wakanda Kashi na Biyu: Shin Fim Ne na Zama da Iyali?

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce, babban ɗana mai shekara 14 ya same ni a falo da wata buƙata, wai yana son in ba su izinin kallon kashi na biyu na fim ɗin Black Panther, wanda ake kira Wakanda Forever, shi da ƙannensa biyu. Ƙa'idar gidana kuwa ita ce duk fim ɗin da yara za su kalla sai na fara kallonsa ni kaɗai, ko da zai cinye mini daren da na ware domin duba takardun jarrabawar ɗalibai. Na yi hakan. Bayan kwana biyu sai ga wayar ƙanwata tana cewa, "Yaya, na ji ka kalla, to mu bar yara su gani ko kuwa?" Amsar da na ba ta ta yi tsawon da na ga gara in rubuta ta, tunda na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Ina kuma gargaɗin mai karatu tun yanzu cewa zan tona wasu asiran labarin, domin uba ba zai iya yanke hukunci a kan abin da aka ɓoye masa ba.

Ga wanda bai sani ba, kashi na farko ya fito a 2018, ya kuma tara kuɗin da suka haura dala biliyan 1.3 a gidajen silima na duniya. Labari ne na wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Wakanda, wadda Turawan mulkin mallaka ba su taɓa takawa ba, wadda kuma ta yi wa duniya fintinkau a kimiyya saboda wani ma'adini da ake kira bibraniyam. Ana cikin shirin kashi na biyu sai tauraron fim ɗin, Chadwick Boseman, ya mutu a ranar 28 ga Agusta, 2020, yana da shekara 43, bayan ya yi fama da sankarar hanji a ɓoye. Darakta Ryan Coogler da kamfanin Marvel suka yanke shawarar ba za su ɗora wani a matsayinsa ba, suka sake rubuta labarin ta yadda Sarki T'Challa shi ma zai mutu da wata cuta a farkon fim. Haka aka sake shi a Nuwambar 2022.

Daga nan ne babban ƙarfin fim ɗin ya taso. Galibin fina-finan irin waɗannan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ba su ɗauki mutuwa da muhimmanci ba, yau a kashe mutum, gobe a tashe shi. A nan kuwa mutuwar ta gaske ce, kuma ana ganin haka a fuskokin 'yan wasan, domin abokin aikinsu suke wa makoki. Labarin ya rataya ne a kan mata biyu, uwa da 'yarta, da yadda kowace ta ɗauki rashin. Sarauniya Ramonda ta rungumi al'ada da haƙuri, Gimbiya Shuri kuma, wadda ta dogara da iliminta na kimiyya amma ilimin ya kasa ceton wanta, ta cika da fushi. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san waɗannan fuskoki biyu. Angela Bassett, wadda ta fito a matsayin Ramonda, ta taka rawar da ta sa aka zaɓe ta cikin masu takarar lambar Oscar, ita ce kuma ta farko da ta samu haka ta hanyar wani fim na kamfanin Marvel. Ruth Carter, mai tsara tufafin fim ɗin, ta lashe lambar a 2023, karo na biyu ke nan.

Ƙarfi na biyu shi ne siyasarsa. A farkon fim ana nuna Ramonda a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilan Amurka da Faransa na zargin ƙasarta da rowar ma'adininta, alhali a daidai lokacin sojojin haya masu magana da Faransanci na kai farmaki a wata cibiyar Wakanda da ke Ansongo a ƙasar Mali domin su sace shi. Mai karatu ya tuna cewa sojojin Faransa sun kammala ficewa daga Mali a Agustan 2022, wata uku kafin fitowar fim ɗin, suka kuma fice daga Nijar a Disambar 2023. Duk wanda ya san cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ana kai shi waje, alhali yawancin ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu, ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar bibraniyam. Wannan waje ne da uba zai iya tsayar da fim ya yi wa ɗansa darasin tarihi na minti biyar da ba zai manta ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka sarrafa harsuna. Mutanen Wakanda na magana da Xhosa, harshen Bantu na Afirka ta Kudu mai ɗauke da baƙaƙen nan da ake furtawa da ƙas-ƙas ɗin harshe, kuma an zaɓe shi ne tun 2016 saboda John Kani, wanda ya fito a matsayin mahaifin T'Challa, harshensa ke nan na gado. Abokan gabansu kuwa, mutanen Talokan da ke zaune a ƙarƙashin teku, suna magana da harshen Maya na yankin Yukatan a Meziko, wanda masu jin sa ba su kai miliyan ɗaya ba. Ba ƙaramin abu ba ne a ji irin wannan harshe a bakin sarki, a fim ɗin da miliyoyin mutane suka kalla. Har da wasa da asalin kalma aka yi. Sunan sarkin nasu, Namor, wanda aka ƙirƙira a littattafan zane tun 1939 ta hanyar juya kalmar Roman, a fim ɗin an ce ya samo asali ne daga zagin da wani limamin kirista Basifaniye ya yi masa, wato yaron da ba shi da ƙauna. Irin wannan ƙirƙirarren asali mun san shi a gida, kamar masu cewa Hausa daga "hau sa" ta fito. Masana ba su yarda da shi ba, amma yana daɗa wa labari armashi.

To sai dai kowane allazi da nasa amanu. Aibi na farko shi ne tsawo: sa'a biyu da minti 41. An cusa wasu mutane da labarin bai buƙace su ba. Riri Williams, ɗalibar jami'a Ba'amurkiya da ta ƙera na'urar gano bibraniyam, ita ce sanadin rikicin, amma da zarar an kawo ta Wakanda sai ta zama 'yar rakiya, kuma a fili yake an shigo da ita ne domin tallata wani shirin talabijin da kamfanin ke tafe da shi a lokacin. Haka ma duk wuraren da jami'an leƙen asirin Amurka ke fitowa, da an yanke su da fim ɗin bai rasa kome ba. Wuraren da aka ɗauka da dare ko a ƙarƙashin ruwa kuma sun yi duhu ƙwarai, ga wanda zai kalla a ƙaramar talabijin ko a waya da ƙyar zai gane wa ke dukan wa.

Aibi na biyu ya fi wannan zurfi. Fim ɗin ya fara da nuna mana waɗanda ke kwaɗayin dukiyar wasu, ya kuma nuna yadda Sifaniyawa suka kai wa kakannin Namor cutar agana da bauta a ƙarni na 16. Amma da aka zo yaƙi, al'ummomin nan biyu da aka zalunta su ne suka yi ta kashe juna, masu laifin kuwa suka koma gefe ba wanda ya taɓa su. Ana iya cewa wannan shi ne ainihin tarihin raba kan mutane domin a mallake su. Ana kuma iya cewa kamfanin Amurka ba zai yi fim ɗin da Afirka za ta yaƙi Amurka ba. Ni dai na fi karkata ga bayani na biyu.

Na uku, har yanzu Afirkar fim ɗin Afirka ce ta wanda ya hango ta daga nesa. Karin Ingilishin 'yan wasan bai daidaita ba, wani na kwaikwayon Afirka ta Kudu, wani Kenya, wani kudancin Nijeriya, alhali duk 'yan ƙasa ɗaya ne. Gaskiya ne mawaƙan Nijeriya irin su Tems da Burna Boy sun sa hannu a waƙoƙinsa, an kuma yi bikin nuna shi a Legas. Amma Bahaushe ya tuna cewa a kashi na farko rabon da aka ba yankinmu shi ne dajin Sambisa da 'yan bindiga masu sace mata. Ba ƙarya suka yi mana ba, amma ba shi kaɗai muke da shi ba.

Yanzu ga tambayar ƙanwata. A Amurka an sa fim ɗin a rukunin da ake gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, kuma a ganina an yi daidai. Babu tsiraici, jini ma ba shi da yawa, amma kashe-kashe da māsu sun yawaita. Akwai wurin da mutanen teku ke rera wata waƙa mai juyar da hankali, ma'aikatan jirgi su riƙa faɗawa ruwa da kansu, wanda zai iya hana ƙaramin yaro barci. Akwai ambaliyar da ta cinye babban birni, inda Ramonda ta nutse ta mutu, 'yarta na kuka a kan gawarta. Yaron da bai daɗe da rasa uwa ko uba ba, ina ba da shawarar a jinkirta masa. Akwai kuma 'yan kalmomin ashar na Ingilishi jefi-jefi.

Sai batun aƙida, wanda masu sharhi na Yamma ba su cika kula da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba. Fim ɗin ya buɗe ne da Shuri tana roƙon wata gunkiya mai suna Bast, mutanen Talokan na ɗaukar sarkinsu abin bauta, ana kuma shan wani tsiro domin ganawa da matattu. Babban yaro ya san tatsuniya ce, kamar yadda muka san Gizo da Ƙoƙi, amma ɗan shekara bakwai bai gama rarrabewa ba. Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da ya kamata iyaye su sani kafin su zauna. A kusa da ƙarshe wata mayaƙiya ta sumbaci goshin wata, aka yi furucin da ke nuna soyayya ce tsakaninsu, abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Bayan an fara rubuta sunaye kuma an bayyana cewa T'Challa ya bar ɗa a Haiti, alhali ba a taɓa nuna ya auri uwar yaron ba. Yaro mai lura zai yi tambaya, gara uba ya shirya amsarsa.

Hukuncin da na yanke a gidana shi ne: mai shekara 14 ya kalla tare da ni, mai 11 ta kalla ina riƙe da abin sauya tasha na tsallake wurare biyu, autan kuwa aka kai shi wajen kakarsa. Abin da ya sa ban hana gaba ɗaya ba shi ne ƙarshen labarin. Shuri ta samu galaba a kan wanda ya kashe mahaifiyarta, mashi na wuyansa, amma ta janye hannu domin ta gane cewa ramuwar gayya za ta jefa al'ummomi biyu cikin yaƙin da ba ya ƙarewa. A ƙasar da ramuwar gayya tsakanin ƙauye da ƙauye ta cinye rayuka masu yawa, wannan darasi ne da nake son 'ya'yana su ji daga kowane baki. Dalili na biyu kuma, hani ba tare da bayani ba ba ya aiki a zamanin da fim ke yawo daga waya zuwa waya. In ba ka kalla da ɗanka ba, zai kalla da abokansa, su ne kuma za su yi masa tafsiri.

Da muka gama, ɗana ya tambaye ni, "Baba, me ya sa mu ba mu da irin wannan?" Na ce masa muna da Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, muna da Sarauniya Amina, wadda fim ɗin da aka yi a kanta a 2021 ma da Ingilishi aka yi shi. Labarai ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne attajiranmu su yarda cewa zuba jari a labari ba asara ba ce, marubutanmu kuma su yi binciken da Coogler ya yi kafin ya sa harshen Maya a bakin sarki. Kafin wannan rana ta zo, nauyin tace abin da ke shiga idon 'ya'yanmu yana wuyanmu, ba ya wuyan wata hukuma. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma ba mu ikon sauke amanarsu.