Sharhi: Gumakan Girka Da Rum Na Komawa Gida, Amma Tarihinsu Ya Salwanta

A watan Janairun 2022, gidan adana kayan tarihi na Salinas da ke Palermo a Italiya ya miƙa wa Girka wani ɓallin dutse mai ɗauke da sassaƙen ƙafar wata allahiya, wadda masana ke kyautata zaton Atemis ce. A 2023 fadar Batikan ta mayar da wasu ɓalli uku na haikalin Fatinon. Hakan ya ƙara matsa wa Birtaniya lamba kan sassaƙe-sassaƙen da Lord Elgin ya kwaso daga Atens, waɗanda gwamnatinta ta saya a 1816.

Sai dai mayar da gunki bai cika mayar da abin da aka rasa ba. Misali mafi bayyana shi ne gunkin Morgantina, wanda gidan tarihin Getty na Amurka ya saya a 1988 kan dala miliyan 18, ya kuma mayar wa Italiya a 2011 bayan hujjoji sun nuna cewa haƙo shi aka yi ta ɓarauniyar hanya a tsibirin Sisili. Getty ya daɗe yana kiransa Afrodayit, wadda Romawa ke kira Binas. Yau yana garin Aidone, amma masana na saɓani: wasu sun ce Dimita ce, allahiyar noma, wasu sun ce 'yarta Fasifoni. Da an san ɗakin bautar da aka same shi da abin da ke gefensa, da wuya gardamar ta kai haka. Ɓarawo kuwa ba ya rubuta inda ya tona.

Ƙananan gumakan yumɓu sun fi shiga wannan hali. A shekarun 1870 aka tone dubban kaburbura a Tanagra ta Girka don neman 'yan mutum-mutumin mata da attajiran Turai ke rububi, har jabu suka cika kasuwa. Abu ne da ke shiga aljihu, kuma ba gwamnatin da za ta tada jijiyar wuya a kansa. Ko gidan tarihin Birtaniya, mai kafa hujja da iya adana, ya amsa a 2023 cewa kimanin kayayyaki 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ma'ajiyarsa, akasarinsu ƙananan duwatsun ado, da dama ba a ma yi musu cikakkiyar rajista ba.

Najeriya ta san wannan ciwo. Yawancin gumakan Nok da ke ƙetare an haƙo su ne ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa har yanzu ake laluben amfanin da mutanen da suka ƙera su ke yi da su. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta ba ƙasashe damar neman kayansu, amma kuɗin gadin wuraren tarihi da yi wa ƙananan kaya rajista daga kasafin kowace ƙasa zai fito.