Kallo Ba Bauta Ba Ne

Edita,



Bayan girbin riɗi na je Zariya neman irin shuka, sai abokin cinikina, Kirista ne kuma Bahaushe, ya ce mu biya Wusasa in ga tsohon cocinsu na St. Bartholomew. Wallahi da na hango shi na ɗauka soron wani sarki ne. Ginin ƙasa ne irin namu, bango kauri, ciki sanyi ƙalau ba fanka. Turawan mishan suka sa aka gina shi wajen 1929, lokacin da suka fito daga cikin birnin Zariya. A Wusasan nan Janar Gowon ya tashi. Ban yi awa ɗaya ba na fito, na yi la'asar ɗina a masallaci.

To ina dawowa gida na ba da labari a majalisa, sai wani ya ce wai in sake kalmar shahada. Haba jama'a! Me na bauta wa? Katanga?

Malamai sun gaya mana Sayyadina Umar da ya karɓi birnin Ƙudus ya shiga babban cocin garin ya duba. Da lokacin salla ya yi sai ya fita waje ya yi, don kada Musulmi su ƙwace wurin daga baya su ce nan Umar ya yi salla. Kuma shekaru aru-aru makullin ƙofar cocin a hannun wasu gidajen Musulmi yake. Mu ne muka fi Umar tsoron Allah?

Ni abin da ya tsaya mini a rai ma daban ne. Su sun riƙe gininsu na ƙasa, suna yaɓe shi, baƙi na zuwa daga nesa suna kallo. Mu fa? Ganuwar Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya tsaya ya yaƙi Turawa har ya yi shahada a 1906, ruwa ya ci wani wuri, masu gini sun ci wani. Yarana ko labarin ba su sani ba, laifina ne ni ma.

Ina kira ga masarauta da hukumar tarihi ta jiha su killace ɗan abin da ya rage tun damina ba ta ƙarasa shi ba.

Mai karatunku kullum,
Miga, Jihar Jigawa.