Kafin Ka Sayi Kwano, Dubi Inda Rana Take Faɗuwa

'Yan'uwa manoma, idan aka kwashe albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, kuɗi ya ɗan shiga aljihu, abin da ya kan fara faɗo wa magidanci a rai shi ne gyaran gida. Wani ya ƙara ɗaki, wani ya sake yaɓe. Amma yanzu abin da aka fi yayi shi ne baranda. Mutum ya je Sakkwato ko Abuja, ya ga gida mai baranda an rufe ta da gilashi tun daga ƙasa har sama, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Ni dai ina ganin yawancin kuɗin nan asara ake yi, kuma zan faɗi dalilina.

Bara da bazara na ziyarci wani ɗan ƙungiyarmu a wajen Rabah. Ya sayar da albasarsa da daraja, ya gina baranda mai kyaun gani, ya rufa da kwano, ya sa tagogin gilashi a gaba. Da yake hanya tana yamma da gidansa, sai ya sa ta dubi hanya, don masu wucewa su gani. Na isa bayan azahar. A ina na same shi? A gindin dogon yaro, shi da baƙinsa, sun shimfiɗa tabarma a ƙasa. Barandar kuwa ko kaji sun ƙi ta. Ya ce mini tun daga ƙarfe biyu har bayan magariba ba mai iya zama ciki, ga shi kuma ɗakin kwanansa da ke manne da ita ya ƙara zafi, domin ta toshe masa taga.

Shi wannan ɗaki na gilashi ba don irin ƙasarmu aka ƙago shi ba. A Ingila da sauran ƙasashen sanyi rana abin marmari ce. Da hunturunsu ba ta ɗagawa sama sosai, kuma da wuri take faɗuwa. Saboda haka su kan ƙara wa gida ɗakin gilashi don su kama ɗan ɗumin da ya samu. Gilashi ya kan bar haske ya shiga, ya ɗumama ƙasa da bango, sa'an nan ya hana iska mai zafi fita. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka ajiye a rana an rufe tagoginta ya san abin da nake nufi. To, mu da a watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan wuce 40, me za mu yi da tarkon zafi a jikin ɗakinmu? In kana da gilashi ko leda mai haske, yi ɗan akwatin shanya tumatir da tattasai da shi. A can zai yi maka aiki, ya kuma tsare su daga ƙura da ƙuda.

Abin da gidanmu yake bukata shi ne ɗakin inuwa mai shan iska, wato rumfa, ko baranda buɗaɗɗiya. Babbar shawara a nan kuwa, wadda ta fi zaɓen kwano ko zana, ita ce gefen da za a kafa ta.

Ga yadda rana take tafiya a ƙasarmu. Sau biyu a shekara ta kan tsaya daidai tsakar ka, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Daga Satumba har zuwa Maris ta kan karkata kudu, a watan Disamba ne kuma karkatar ta fi yawa. Wato da bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani, rufi ne yake shan rana da tsakar rana, bangon gabas ya sha da safe, na yamma ya sha da la'asar. Ta la'asar ɗin nan ita ce muguwa, gama ta kan zo a kwance, ta kutsa ƙarƙashin kowane irin rufi, a daidai lokacin da ƙasa ta riga ta gasu. Rumfar yamma sai in akwai itace mai duhuwa a gabanta, ko kuwa a rataya mata asabari.

Gabas ma da tata matsalar. Kowa ya san daga gabas hadari yake tasowa, da iskar nan mai ɗauke rufi a farkon damina. Arewa tana da inuwa kusan duk shekara, amma daga arewa maso gabas iskar hunturu take busowa da ƙurarta.

Saura kudu, ita ce kuwa nake ba da shawara. Da bazara rana tana bisa, rufin rumfar ya tare ta ɗungum. Da damina iska mai laushi daga kudu maso yamma take zuwa, ta shigo maka har kan tabarma. Da hunturu kuma ɗakin da kansa ya tare maka iskar sanyi, ita kuwa rana da ta karkata kudu sai ta leƙo ƙarƙashin rumfar. In tsawon bakin rumfar ƙafa 8 ne, a watan Disamba da tsakar rana hasken zai shiga ciki wajen ƙafa 6. Tsofaffi da yara su sha hantsinsu a nan cikin kwanciyar rai. Abin da Bature yake nema da gilashi mai tsada ke nan, kai kuwa ka samu da dabarar juya rumfa kawai.

Na san ba kowane gida yake da fili a kudu ba, musamman a cikin tsohon gari kamar Wurno inda katanga take jingine da katanga. In haka ne a zaɓi arewa, a yi mata shinge na zana da hunturu. Amma a lura da aikin maginan da. Wurno gari ne mai tarihi, a nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, kuma irin ginin da aka gāda tun zamanin nan, bango mai kauri, ƙananan tagogi, zaure mai tsawon kai, duk don a yaƙi zafi aka yi shi.

Batun rufi. Kwano yana daɗewa, ba ya cin wuta, shi ya sa ba na kushe shi. Laifinsa shi ne ya kan gasa wanda ke ƙarƙashinsa in an yi shi ƙasa-ƙasa. A ɗaga shi, a bar kafa tsakaninsa da bango inda zafi zai fita, a shimfiɗa zana ko tabarmar kaba daga ciki a madadin silin. A kuma ɗaure katakon da waya mai ƙarfi a jikin ginshiƙi, kada a dogara ga ƙusa kaɗai. Rufin zana da kara ya fi sanyi, ya fi araha, sai dai a sabunta shi a kai a kai, kuma kada ya kusanci murhu. Don ginshiƙi da azara, giginya ta fi jure wa gara, in za a same ta.

Akwai abu guda da masu ginin ƙasa su kan manta. Ruwan da ya zubo daga rufin rumfa ko daga indararo, in ya taru a gindin bango, shi ne ajalin ɗakin. Mutanen kwarin Rima ba su manta da Satumba ta 2010 ba, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo ya malale garuruwa da gonaki. Ginin ƙasa daga gindi yake jiƙewa ya zauna. Don haka a ɗaga daɓen rumfar ya fi tsakar gida tudu, a karkata rufin ya zubar da ruwa nesa da bango, a yi masa magudana. Wanda kuma gidansa yake kusa da fadama, kuɗin da zai kashe a gilashi ya sayi wayar sauro da shi, iyali su kwana a rumfar da bazara ba cizo.

To, wa za a yi wa rumfar? Mu maza mu kan yi ta a ƙofar gida don baƙi, alhali kuwa uwargida tana daka da girki da tsintar shinkafa a tsakar gida, rana tana dukanta tun hantsi, da goyo a bayanta. In kuɗin rumfa ɗaya ne kawai a hannu, a ganina ta cikin gida ce ta farko. Tambayi matarka inda take so a kafa ta. Ita ce take wuni a gidan, ta fi ka sanin inda inuwa take a kowace sa'a. Haka kuma in kana nufin ajiye albasa har ta yi tsada, yi mata tata rumfar dabam, mai inuwa da iska ta kowane gefe, a ɗaga ta daga ƙasa. Albasa a ƙarƙashin kwano mai zafi ruɓa take yi.

Kafin a kira magini, kafa sanduna huɗu a inda kake nufi, ka ɗora tsohuwar zana a kai, ku zauna ƙarƙashinta mako guda da safe, da azahar, da la'asar. In wurin bai yi ba, ka tuge sandunan ka gwada wani gefen, ba ka yi hasarar ko kwabo ba. A ƙungiya kuma ana iya haɗa kuɗi a sayi kwano da katako a dunƙule, a yi aikin da gayya gida-gida, a gama kafin hadarin farko na watan Mayu.